Sojan Dalma Ɗaya Ya Kashe Tara: Yadda 'Yan Wasa Suka Sassaƙa Dokokin Yaƙin Kan Tebur

'Yan shekaru kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya, a ƙasar Ingila, wasu magidanta suna durƙushe a tsakar ɗaki, kowanne da rundunarsa ta 'yan sojojin dalma da tsayinsu bai kai ɗan yatsa ba. Ɗaya daga cikinsu ya tsara yaƙinsa da kyau, ya tara mutanensa inda ya kamata, nasara ta zo masa har bakin ƙofa. Dokar da suke bi a lokacin ta ce idan soja ya yi gaba da gaba da abokin gāba, sai a jefa kwabo sama, wanda ya ci shi ya kashe ɗan'uwansa. Sai wani soja guda na ɓangaren da ake ci ya kama cin kwabo, sau ɗaya, sau biyu, sau uku, har ya kwantar da mutum tara a jere, yaƙin ya juye. Mai dabarar nan ya tashi ransa a ɓace, kuma yana da gaskiya. Me ya sa mutum zai ɓata yini yana tunani, in kwabo ne zai yanke hukunci? Aka soke jefa kwabon.

Marubucin nan H. G. Wells ne ya ba da wannan labari a littafinsa Little Wars na 1913, littafin da ake ɗauka a matsayin na farko da ya kawo wa jama'ar gari dokokin yin yaƙi da 'yan mutum-mutumin soja. Ga wanda bai taɓa ganin irin wannan wasa ba, a taƙaice ga yadda yake. Ana shimfiɗa fili a kan tebur, a dasa tuddai da gidaje da itatuwa na kwaikwayo, kowane ɗan wasa ya jera rundunarsa. Babu gurabe kamar na dara. Da tef ake auna tazarar da soja zai yi tafiya ko harbi. Abin da ya shafi sa'a kuwa, a yau dayis ake jefawa, irin na wasan lido. Littafin dokoki ne ke faɗin iyakar abin da kowane soja zai iya. To wannan littafi, tun daga zamanin Wells zuwa yau, ba a taɓa rubuta shi ya fito daidai a zama ɗaya ba. Masu buga wasan ne ke gano inda yake yoyo.

Tushen abin ya girmi littafin Wells da shekara ɗari. A 1812 wani babban ma'aikacin gwamnatin Purushiya, Georg Leopold von Reisswitz, ya kai wa Sarki Friedrich Wilhelm na Uku wani teburin wasan yaƙi da ya ƙera. Ɗansa, wanda hafsa ne a rundunar igwa, shi ya ɗauki abin ya mayar da shi aiki. Ya tara wasu ƙananan hafsoshi 'yan'uwansa a Balin, suna bugawa suna gyarawa, har ya buga dokokin a 1824. Sun koma amfani da taswira ta gaskiya, kowane motsi yana madadin minti biyu na fagen fama, ga alƙali a tsakiya yana jefa dayis yana duba jadawalin hasarar rayuka. Da Janar von Müffling ya gani, sai ya ce wannan ai horon yaƙi ne, aka umarci kowace runduna ta mallaki nata. Guntayen dalma masu launin ja da shuɗi suke turawa, ba mutum-mutumi ba, amma hanyar aikin ita ce dai: marubuci ya zauna da mutanen da za su buga, su nuna masa inda ya yi kuskure.

Su ne kuma suka fara faɗawa tarkon da har yau ake faɗawa. Duk gyaran da aka yi sai ya ƙara doka, duk doka ta ƙara jadawali, har wasan ya yi nauyin da hafsoshi suka fara gudunsa. A 1876 Julius von Verdy du Vernois ya fito da salon da ya watsar da jadawalin, ya bar gogaggen alƙali ya yanke hukunci da abin da ya sani.

Mu dawo kan Wells, don a wurinsa ne aka fi ganin abin ƙuru-ƙuru. Tun 1893 kamfanin William Britain ya samo hanyar zuba dalma ta fito da rami a ciki, sojojin wasa suka yi araha. Akwai kuma wata 'yar igwa mai sifirin da ke harba ɗan guntun katako. Wani baƙon Wells, marubuci Jerome K. Jerome, shi ya fara zama bayan cin abinci yana harbin sojojin yara da ita, daga nan manya suka karɓe wasan. Da farko manyan littattafai suka jera a matsayin tuddai. Nan take matsala ta bayyana: kowa ya ɓoye mutanensa bayan littafi ya ƙi fitowa, igwa kaɗai ke aiki, wanda ya fi iya saiti shi ke da nasara. Sai suka ɗaure igwar da sharuɗɗa. Ba ta motsi kuma ba ta harbi sai da mutum huɗu kusa da ita, cikin inci shida, kuma harbi huɗu ne iyakarta a kowane zagaye. Ka kashe masu kula da ita, ta zama ƙarfe kawai, har ana iya ƙwace ta. Dakarun ƙasa suna tafiyar ƙafa ɗaya, barade ƙafa biyu, da igiyoyi aka yanka daidai wannan awo. Da aka ga wasu suna ɗaukar tsawon lokaci suna nazari, abokin wasa na jira har ya gaji, sai aka kawo agogo aka ƙayyade wa kowa lokacinsa. Bayan soke kwabo kuwa, suka ce duk wanda ya shiga artabu ya kashe ɗaya shi ma ya mutu. Da wannan ma ta nuna gurguntarta, suka ƙara dokar kama fursuna ga ƙungiyar da aka yanke daga 'yan'uwanta.

Abin da ya burge ni a nan shi ne Wells bai ɓoye kurakuran ba. Ya ware babi guda yana bin su ɗaya bayan ɗaya, kowace doka da irin ɓacin ran da ya haife ta. Wanda ya rubuta doka yana buga wasa ne yadda ya yi niyya, shi ya sa ba ya ganin ramin. Abokin hamayya mai son cin nasara yana buga ta ne yadda aka rubuta, kuma duk kafar da aka bari zai shige.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu gwajin ya fita daga ɗaki guda ya shiga gidan waya. Jack Scruby a Kalifoniya ya fara fitar da mujallar War Game Digest a 1957. Donald Featherstone na Southampton, tsohon sojan tankar yaƙi, ya buga littafinsa War Games a 1962, a shekarar kuma ya fara Wargamer's Newsletter. Mutum zai buga dokarsa a wannan fitowa, wani daga gari mai nisa ya gwada, ya aiko da ƙorafi a ta gaba. Sai gasa ta zo, ta tsananta komai, domin mutum biyu da ba su san juna ba ba za su sasanta da fahimtar abota ba. Abin da ke rubuce shi ne alƙali. Ƙungiyar Wargames Research Group, wadda Phil Barker da Bob O'Brien da Ed Smith suka kafa, ta fitar da dokokin yaƙin zamanin da a 1969, kuma cikin ƙasa da shekara ashirin sai da suka kai bugu na bakwai. Kowane bugu yana toshe kafofin da 'yan gasa suka gano a na baya, har rubutun ya zama kamar takardar kotu. Tarihin Purushiya ya maimaita kansa: a 1990 Barker da Richard Bodley Scott suka fito da De Bellis Antiquitatis, inda kowace runduna ƙungiya 12 ce kacal, ana gama wasa cikin sa'a guda.

Da kamfanoni suka shigo, sai kuɗi ya shiga tsakani. Games Workshop, wanda aka kafa a Landan a 1975 ya kuma koma Nottingham daga baya, ya fitar da wasan Warhammer a 1983, sai Warhammer 40,000 a 1987. Shekaru da dama gwajin nasu na cikin gida ne, da 'yan tsirarun amintattu a waje. Ƙananan kamfanoni ne suka buɗe ƙofa da intanet ta yaɗu. A 2009 Privateer Press na jihar Washington a Amurka ya saki daftarin bugu na biyu na wasansa Warmachine kyauta, ya ce kowa ya sauke, ya buga, ya aiko da abin da ya gani, kafin littafin ya fito a farkon 2010. Kamfanin Wyrd ma ya yi haka da bugu na biyu na Malifaux a 2013. Wasan Blood Bowl kuwa, na Jervis Johnson, wani kwamiti ne da ya haɗa shi da 'yan wasa ya riƙa bitar dokokinsa, kuma 'yan wasan ne suka riƙe shi a raye shekarun da kamfanin Games Workshop ya kau da kai, har aka sake fitar da shi a 2016 a kan wannan ginshiƙi.

Darasi mafi ɗaci ya zo a 2015. Games Workshop ya rufe tsohon Warhammer, ya kawo Age of Sigmar da dokoki shafi huɗu, babu maki ko ɗaya. Maki kuwa shi ne ma'aunin da ke sa runduna biyu su zo daidai: kowane soja da kowane dodo yana da farashinsa, a ce kowa ya zo da rundunar maki 2,000. Da aka cire shi, mutum biyu ba su da yadda za su san ko wasan adalci suke yi. 'Yan wasa ba su tsaya jira ba. Masu shirya gasa suka zauna suka ƙirƙiro nasu ma'aunan, suna gwadawa suna gyarawa. Bayan shekara guda kamfanin ya nemi shawarar wasu daga cikinsu, ya fitar da littafin General's Handbook a 2016, maki ya dawo. Da za a fitar da bugu na takwas na Warhammer 40,000 a 2017, sai aka gayyato masu shirya manyan gasa na Amurka cikin masu gwaji tun kafin a kai ɗab'i.

Duk da haka rami bai ƙare ba. A gasar AdeptiCon ta 2018, rundunar da ta lashe kofi tana ɗauke da dodo mai fukafuki iri ɗaya har guda bakwai. Babu dokar da aka karya. Marubutan ne ba su taɓa zaton wani zai sayi abu ɗaya sau bakwai ba, don su a teburinsu ɗaya ko biyu suke sawa. A watan Afrilu na wannan shekara aka kawo ƙa'idar cewa a wasan gasa ba a maimaita yawancin nau'o'in ƙungiya fiye da sau uku. A 2022 ma, da littafin rundunar Leagues of Votann ya isa hannun mutanen farko, ihu ya tashi cewa ƙarfinta ya wuce kima, kamfanin ya amsa laifi, ya ƙara mata tsadar maki kafin littafin ya shiga kasuwa sosai. Yanzu kamfanin yana fitar da gyara duk bayan 'yan watanni, yana duba sakamakon gasa, burinsa kowace runduna ta riƙa cin tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari na wasanninta.

Wannan ci gaba ne, ba na musu. Sai dai akwai abin da ke damuna. Alƙaluman nan daga zauren gasa suke fitowa, alhali yawancin masu wasan ba su taɓa taka zauren ba. Uba ne da ɗansa a teburin cin abinci, ko abokai biyu da daren Asabar. Muryar zakaran gasa ta fi tasu ƙarfi, kuma dokar da aka ɗinka don ta tare shi takan zame wa sabon shiga kaya. Sannan gyara yana da tsada ga wanda ya faɗa kansa. 'Yan sojojin nan ba a shirye ake sayensu ba. Mutum zai yanko su daga jikin roba, ya kankare gefe da wuƙa, ya manna hannu da kai, ya ɗauki burushi mai tsinin allura ya yi makonni yana shafa fenti, har ƙwayar ido sai ya ɗiga mata launi. Wanda ya yi wa dodo bakwai wannan hidima, rana ɗaya aka wayi gari huɗu sun koma kan kanta. Da an kai daftarin hannun mai neman rami tun kafin a buga, da ba a jawo masa wannan hasara ba. Kamfanin da ke sayar da soja, kuma shi ke rubuta ƙarfinsa, nauyi ne a kansa ya yi gwajin kafin ya karɓi kuɗin mutane, ya kuma saka talakan wasa cikin masu gwaji, ba zakaru kaɗai ba.

Bugu na goma na Warhammer 40,000 ya fito a watan Yuni na 2023, shekara 110 bayan littafin Wells. Bai yi wata biyu a hannun 'yan wasa ba aka fitar da gyaransa na farko.