Binciken Noma a Fadamar Kwalkwalawa: Tsakanin Tsanin Jami'a da Lokacin Ƙasa

Hanyar da ta tashi daga cikin garin Sakkwato zuwa mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tana ratsa fadamar Gulbin Rima ne ta Kwalkwalawa. A nan Tsangayar Aikin Gona take da gonarta ta koyarwa da bincike ta fadama, abokiyar gonar tudu da ke Dundaye. An kafa jami'ar a 1975, aka raɗa mata sunan Shehu a 1988, kuma daga wancan lokaci zuwa yau an fitar da kundayen digiri da maƙalu masu yawan gaske daga wannan fadama, a kan albasa da tafarnuwa da tumatir da alkama da shinkafa. Abin da wannan maƙala take son tabbatarwa shi ne, tsanin da malamin jami'a yake hawa daga ƙaramin malami zuwa farfesa ya saba da bincike mai gajeren zango, alhali ilimin noma mai tafiya da muhalli, wanda fadama irin wannan ta fi buƙata, ba ya nuna fuskarsa sai bayan shekaru. Matashin da ya zaɓi wannan fanni yana biyan kuɗin zaɓinsa da jinkirin ƙarin girma, kuma gyaran wannan yana hannun jami'a.

Gwajin da aka saba yi sananne ne ga duk wanda ya taɓa duba kundin ɗalibin aikin gona. A yanka fili zuwa fangula masu girma ɗaya, a dasa albasa iri guda, a ba wasu fangulan takin zamani kaɗan, wasu da yawa, wasu a hana su. A shayar da wasu bayan kwana uku, wasu bayan mako. A maimaita rani biyu, a auna nauyin albasa, a yi lissafi, a fitar da shawara. Wannan aiki ne na ƙwarai, ba kuma abin rainawa ba ne, domin da shi aka san yawan takin da ke ƙara amfani da wanda ke zama asara. Amma tambaya ɗaya yake amsawa, kuma ya yi nasarar amsa ta ne saboda ya kawar da sauran tambayoyin gefe.

Manomin da gonarsa take maƙwabtaka da gonar gwaji ba shi da wannan dama. Albasa ce a tsakiyar fangalinsa, amma a bakin kunya akwai masara ko kuɓewa ko yakuwa, waɗanda za su shiga tukunya ko kasuwa kafin albasar ta nuna. Takin da ya zuba daga turken tumakinsa ya fito, haɗe da toka da sharar gida, tumakin kuma harawar waken da ya shuka a ƙarƙashin gero a gonarsa ta tudu suka ci. Ke nan gonar tudu ce take ciyar da fadama ta cikin dabba. Idan ya cire albasa sai ya yanke shawarar ko ya sayar nan take da arha, ko ya jera ta a rudu ya jira tsada, yana sane da cewa wata za ta ruɓe. Sannan akwai makiyayin da ke jiran a kwashe amfani ya shigo da shanu, da masuncin da kamunsa ya dogara da zurfin ambaliyar bana. Ilimin noma mai tafiya da muhalli yana nazarin waɗannan igiyoyi ne a ɗaure, yana tambayar inda sinadarin ƙasa yake fitowa da inda yake tafiya, da wanda ke cin riba da wanda ke ɗaukar asara.

Wannan hanya ta bincike ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa, hasali ma ana iya cewa a nan aka yi mata wani ɓangare na renonta. Daga tsakiyar shekarun 1960, David Norman da abokan aikinsa a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru sun bi gidajen manoma a ƙauyukan Zariya da Bauci da ƙauyuka uku na kewayen Sakkwato, suna rubuta aikin kowane gida da abin da ya samu tsawon shekara. A lokacin malaman gona suna yi wa haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya kallon ci-baya. Ƙididdigar ta nuna akasin haka. A maƙalarsa ta 1974 Norman ya bayyana cewa shukar haɗi tana ba manomi abin da ya fi na shuka iri ɗaya a kowace eka, tana biyan wahalarsa fiye da ita a lokacin noman fari da maimai da hannu ke ƙaranci, kuma ba ta cika ba shi kunya ba idan damina ta yi gardama. Daga baya Michael Mortimore, wanda ya koyar a Zariya da Kano, ya shafe shekaru yana komawa ƙauyuka ɗaya, har ya nuna yadda manoman kewayen Kano suke noma gona ɗaya shekara da shekaru ba hutu, ƙasar kuma ba ta mutu ba, saboda taki da dabbobi da itatuwa. Da rani biyu aka ba Mortimore, da bai ga wannan ba.

Ita fadamar Rima ma ta fi ƙasar tudu buƙatar doguwar jira, domin ba manomi ne kaɗai yake juya ta ba. Bayan an kammala madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato a 1978, mai bincike William Adams ya bi ƙauyukan da ke ƙasa da ita, ya tarar ambaliyar da ta saba kawo laka ta ragu, manoma sun bar shinkafa sun koma gero da dawa, noman rani ya ja baya, kamun kifi ya yi ƙasa. Ba a saka wannan asara cikin lissafin ribar madatsar ba. Kwalkwalawa kuwa a ƙarƙashin madatsar Goronyo take, wadda aka kammala a 1984, don haka ranar da ruwa zai zo da yawan da zai zo da shi sun rataya ne ga damina da kuma hannun masu buɗe ƙofofin madatsa. A watan Satumba na 2010 ambaliya ta cinye gonaki, ta yanke hanyar jami'ar da gadarta, har aka dakatar da karatu. Shirin Fadama na ƙasa, wanda Bankin Duniya ya tallafa wa daga farkon shekarun 1990, ya yaɗa rijiyoyin bututu da injin ban-ruwa, jigo ya zama tarihi, fili ya faɗaɗa, amfani ya ƙaru. Sai ga shi a ranar 29 ga Mayu 2023 an janye tallafin man fetur, kuɗin shayar da fangali ya yi tashin gwauron zabo. Me shekara talatin na zuƙar ruwa da inji suka yi wa ruwan ƙarƙashin fadamar? Gishiri yana taruwa a fangulan da ake shayarwa kowane rani ko ambaliya tana wanke shi? Ina ƙwarin da ke cinye tsutsar tumatir suke bayan feshin da aka yi ta yi tun annobar da manoma suka kira sharon a 2016? Waɗannan su ne tambayoyin da abincin Sakkwato ya rataya a kansu, kuma babu wadda gwajin rani biyu zai amsa.

A nan ne tsarin aikin jami'a yake shigowa. A jami'o'inmu ana ƙara wa malami girma ne bisa yawan maƙalun da ya wallafa cikin 'yan shekaru. Mai gwajin taki zai iya fitar da maƙala uku daga kundi ɗaya. Wanda ya zaɓi bin diddigin gidaje ashirin, yana auna takinsu da harawarsu da ruwan rijiyarsu, zai yi shekara biyar kafin ya sami abin faɗa da ƙarfin zuciya, kuma aikinsa yana buƙatar masanin ƙasa da masanin dabbobi da masanin tattalin arziki, wato maƙala ɗaya mai sunaye da yawa da maki kaɗan ga kowa. Tallafin bincike yakan ƙare cikin shekara ɗaya ko biyu. Yajin aiki irin na wata takwas da aka yi a 2022 yana iya cinye damina guda, layin ƙididdiga ya tsinke. Ƙasidar da malami ya rubuta da Hausa, ko shirin rediyon da manomin Kwalkwalawa zai saurara, ba sa ɗaukar nauyin maƙalar Turanci a gaban kwamitin ƙarin girma. Ba laifin matashin malami ba ne idan ya bi hanyar da ke ciyar da iyalinsa.

Akwai masu cewa duk wannan soyayyar gargajiya ce, jama'a sun yi yawa, takin turke ba zai ciyar da su ba. A cikin maganarsu akwai gaskiya. Ƙasar tudun Sakkwato rairayi ce mai ƙarancin fosfaras, kuma taki ba ya ƙirƙirar sinadari, kwaso shi yake yi daga makiyaya zuwa gona. Amma amsar wannan saɓani ma dogon gwaji ne ya ba da ita. Filin da aka buɗe a Samaru a 1950, inda ake gwada kashin shanu da takin zamani ɗaya-ɗaya da kuma a haɗe, ya nuna cewa takin zamani shi kaɗai yana sa ƙasa tsami idan an daɗe, haɗa shi da na dabba kuwa yana riƙe amfani. A Ingila, gonar gwajin alkama ta Rothamsted tana nan tun 1843, ana ci gaba da koyo daga gare ta. Haka kuma a Maraɗi, aikin barin kututturan itatuwa su tofo a gona, wanda Tony Rinaudo ya fara tare da manoma a 1983, sai bayan kusan shekara ashirin masu bincike, cikinsu har da Mahamane Larwanou na Nijar, suka tabbatar da cewa gawo da 'yan'uwansa sun dawo a kimanin hekta miliyan 5.

Fadamar Kwalkwalawa ta cancanci fili irin na Samaru: fangula na dindindin da ba za a taɓa sauya tsarinsu ba, rijiyoyin auna ruwa da ake dubawa kowane wata, da gidajen manoma maƙwabta da za a riƙa bi da yardarsu, a kuma mayar musu da sakamakon da harshensu. Kuɗin wannan bai kai na ginin ɗakin taro guda ba. Abin da ya fi kuɗin wuya shi ne majalisun jami'o'i da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa da asusun TETFund su yarda cewa shekara biyar na ƙididdiga mai inganci aiki ne da ya isa a ƙara wa malami girma a kansa, tun kafin ya zama maƙala. Ga manyan malaman da ke zaune a kwamitocin nan nake miƙa wannan roƙo, domin su ne suke rubuta ƙa'idar, su ne kuma za su iya sauya ta.