Yadda Wuƙar Madafa Ta Gaji Awarwaron Tagulla a Arewacin Turai

Uwargida, ina fatan an sauke tukunya. Yau tafiyarmu mai nisa ce, can ƙuryar arewacin Turai, inda ƙasashen Denmak da Suwidin da Norwe suke a yanzu, kuma za mu koma baya fiye da shekara dubu uku.

Bari in fara da wata yarinya. A shekarar 1921 wani manomi a ƙauyen Egtved na ƙasar Denmak yana baje wani tudu a gonarsa, sai ya ci karo da gungumen itace da aka rarake aka yi akwatin gawa da shi. A ciki budurwa ce da shekarunta ba su wuce 16 zuwa 18 ba. Masana sun ƙirga zoben itacen, suka gano an binne ta a shekara ta 1370 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Ƙashinta ya narke, amma gashinta da tufafinta na ulu suna nan. A hannu tana da awarwaro, a kunne ɗan kunne, a ƙugu kuma wani ɗan faifai mai zane. Duka na tagulla ne.

To, ga abin mamakin. Tagulla haɗi ce ta jan ƙarfe da kuza, kuma mutanen nan ba su haƙo ko ɗaya a ƙasarsu ba. Daga nesa ake kawo musu, daga tsaunukan Alps da tsibirin Birtaniya har da Sifen. Su kuma abin da suka fi bayarwa shi ne wani ƙaron itace da ya daskare ya zama kamar dutse, mai launin zuma, wanda ake tsinta a bakin tekunsu ana yin abin wuya da shi. Wajen shekara 1200 suka yi a haka, daga misalin 1700 zuwa 500 kafin haihuwar Annabi Isa, suna zubin takubba da kayan ado da wasu dogayen ƙahonin busa masu kama da kakaki.

Sai dai kada ki ɗauka kowa ya samu. Kin san tasoshin jere da ake goge wa amarya a kafa a ɗaki, ba a cin tuwo a ciki? Kusan haka tagulla take a wurinsu, kayan fita kunya ne da nuna isa, a hannun masu jirgin ruwa da masu hanyar fatauci. Matar talaka kuwa, da ƙanƙarar dutse ta ci gaba da yanka da girbi, kamar yadda kakanninta suka yi.

Daga baya al'amura suka juya. Tun wajen shekara ta 800 mutanen tsakiyar Turai, waɗanda kaya ke bi ta hannunsu, suka fara komawa ga baƙin ƙarfe, cinikinsu kuma ya karkata kudu wajen Bahar Rum. Tagullar da ke isa arewa ta yi ta raguwa. Ga shi kuma yanayi ya ƙara sanyi da danshi. Gidajensu dogaye ne, mutane a gefe ɗaya, shanu a ɗaya gefen, rufi guda, kuma dole a tanadi harawar da za ta kai dabbobi ƙarshen hunturu.

Ashe mafita tana ƙarƙashin ƙafarsu. Ƙasarsu cike take da fadamu, kuma a cikin taɓon akwai tama, dunƙule-dunƙule masu launin tsatsa da ruwa ya tara a hankali. A haƙo ta, a gasa, a farfasa, a zuba a murhun yumɓu da gawayi, a yi ta zuga. Ba ta narkewa ta zama ruwa kamar tagulla. Wani curi ne ke fitowa haɗe da datti, sai maƙeri ya yi ta duka yana mayarwa wuta har ƙarfen ya tace. Wadda ta tashi kusa da maƙera ta san wannan aiki, don haka aka yi ta yi a gindin Dala. A Taruga ma, kusa da Abuja, an tono murahun narka tama da suka yi kusan zamani ɗaya da na mutanen da muke magana.

Ƙarfen farko bai fi tagulla kyau ba, ga saurin tsatsa, ba ya kuma ƙyalli. Kaburburan wannan zamani abin tausayi ne idan aka gwada da na yarinyar Egtved: toka a cikin tukunya, sai ɗan tsinken ƙarfe na maƙale mayafi ko maɗaurin ɗamara. Wasu masana sun ce talauci ne, wasu sun ce al'adar binnewa ce kawai ta sauya. Ni dai abin da na duba shi ne, ba sai an jira jirgi daga wata uwa duniya ba kafin a sami wuƙa. Sannu a hankali lauje da gatari da allura na ƙarfe suka shiga gidajen da tagulla ba ta taɓa leƙawa ba.

Amma wutar da ta ƙera lauje ita ta ƙera mashi. A fadamar Hjortspring da ke tsibirin Als an tono wani dogon kwalekwale na wajen shekara ta 350 kafin haihuwar Annabi Isa, tare da kayan yaƙin wata runduna da aka ci. Akwai takubba, akwai kawunan masu fiye da 130 na ƙarfe. A cikin tarin kuma an sami wasu kimanin 30 na ƙashi da ƙahon barewa, wato ke nan har a lokacin ƙarfe bai ishi kowa ba.

Ita kuwa yarinyar Egtved, akwatinta da kayanta suna gidan tarihi na ƙasa a birnin Kopanhegan. Lokaci ya yi mana halinsa, sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. A gaida yara, a huta lafiya.