Ranar da aka busa jiniya a San Faransisko: yaushe ake cewa annoba ta ƙare?

Jama'a, akwai tambayar da har yau ba mu zauna mun amsa ba tun bayan korona: wa ke da ikon cewa annoba ta wuce kowa ya koma harkarsa, kuma da wane ma'auni zai auna? Rufe kasuwa da makaranta sanarwa ɗaya ce a rediyo. Buɗewar ce ke da wuya, domin a nan ne ake ɗora rayukan mutane a kan sikeli ɗaya da abincin bakinsu. Ku ɗan yi haƙuri da tsawon rubutun nan, ina so in kai ku wani birni na Amurka shekara ɗari da wani abu baya, don abin da ya faru a can ya fi duk wata lacca bayani.

A shekarar 1918, ana dab da gama Yaƙin Duniya na Ɗaya, wata muguwar mura ta game duniya. Ana ce mata murar Sifaniya, ba don daga can ta fito ba, sai don Sifaniya ba ta cikin yaƙin, jaridunta na da 'yancin buga labarin cutar a lokacin da ƙasashen da ke yaƙi ke ɓoyewa. Masana na ƙiyasta cewa ta kashe mutum wajen miliyan 50. Mu ma ba ta bar mu ba. Ta sauka Legas ta jirgin ruwa a watan Satumba na 1918, ta biyo hanyar jirgin ƙasa har Arewa.

A San Faransisko, birnin da ke jihar Kaliforniya mai mutum wajen dubu ɗari biyar a lokacin, cutar ta shigo a ƙarshen Satumba. Babban jami'in lafiya na birnin wani likita ne, William Hassler, magajin gari kuma James Rolph. Ranar 18 ga Oktoba suka rufe makarantu da gidajen sinima da gidajen rawa, aka hana taruka. Bayan mako guda aka kafa dokar sa takunkumi, wanda aka kama babu shi tara ce daga dala 5 zuwa sama, wasu har gidan yari. Kuma mutane sun bi, domin lokacin yaƙi ne, an nuna musu cewa sa takunkumi kishin ƙasa ne, ga kuma gawarwaki suna gani da idonsu.

Cikin makonni kaɗan adadin masu kamuwa ya yi ƙasa sosai. Ranar 11 ga Nuwamba aka tsagaita wutar yaƙi, gari ya cika maƙil da masu murna. Ranar 16 ga wata aka buɗe gidajen sinima da na wasanni. A wani damben da aka yi a ranar, mai hoto ya ɗauko shi kansa magajin gari cikin 'yan kallo babu takunkumi a fuska, sai da aka ci shi tarar dala 50. To kun ga, tun kafin a ɗage dokar, masu dokar sun gaji da ita.

Sai aka sa rana. Ranar 21 ga Nuwamba, da ƙarfe 12 na rana daidai, aka busa jiniya a faɗin birni, alamar cewa kowa ya cire takunkuminsa. Mutane suka yi ta fizgewa suna jefarwa a kan titi, aka yi shagali kamar ranar salla. Hukuma ta yi shelar cewa San Faransisko ta ci nasara.

Murna ta koma ciki. Tun farkon Disamba adadin ya sake hawa. Dokta Hassler ya koma gaban kansilolin birni ya roƙi a dawo da dokar takunkumi, suka ƙi. 'Yan kasuwa na tsoron a ɓata musu cinikin Kirsimeti, jama'a kuma na cewa ai ku kuka ce ta ƙare. Aka ce to kowa ya sa don ganin damarsa, kaɗan ne suka sa. A cikin wannan watan har wani ƙunshin abin fashewa aka tsinta ɗauke da sunan likitan. Sai da aka kai ga samun wajen mutum 600 sababbin kamuwa a rana guda cikin Janairu na 1919, sannan kansilolin suka miƙa wuya, dokar ta dawo ranar 17 ga wata.

Amma garin da ya bi doka a Oktoba ba shi ne garin Janairu ba. Aka kafa ƙungiya sukutum ta masu adawa da takunkumi, ranar 25 ga Janairu dubban mutane suka hallara taronta suna neman a soke dokar, wasu ma na neman magajin gari ya sauka. Ranar 1 ga Fabrairu aka ɗage ta. Da aka zo lissafi, birnin ya rasa sama da mutum 3,000, ya shiga sahun manyan biranen Amurka da cutar ta fi yi wa ɓarna. Wannan fa birnin da ya yi bikin nasara ke nan.

Don adalci, ba zan ce cire takunkumi kaɗai ne ya dawo da cutar ba. Takunkumin wancan zamani na yadin bandeji ne mai shara-shara, kuma tun a lokacin akwai likitocin da suka yi shakkar amfaninsa. Abin da na fi gani shi ne an kwance komai kusan lokaci guda: taruka, sinima, takunkumi, makarantu, duk cikin 'yan kwanaki. Sannan da cutar ta dawo, ba wanda ya iya ko ambaton sake rufe wuraren taro. A 2007 wasu masana ƙarƙashin Howard Markel sun bi bayanan birane 43 na Amurka a wannan annoba. Sun gano cewa biranen da suka ɗauki mataki da wuri, suka haɗa matakai da yawa, suka kuma daɗe a kai, mace-macensu sun fi sauƙi. Sun kuma ga birane da dama da cutar ta yi musu hawa biyu, hawa na biyu na biyo bayan sassauta matakai.

Babban abin da San Faransisko ta kashe ranar jiniyar nan shi ne yardar jama'a. Haƙurin mutane kamar kuɗin aljihu ne, yana ƙarewa. Idan shugaba ya fito ya ce an gama, ya riga ya kashe ragowar. Ran da ya dawo ya ce a koma gida, ko gaskiya yake faɗa, kunnuwa sun toshe.

Yanzu ku kwatanta da wani abu da ya faru a gida. Ranar 20 ga Yuli, 2014, Patrick Sawyer ya sauka Legas daga Laberiya ɗauke da cutar Ebola. Dokta Ameyo Stella Adadevoh ta ƙi sallamarsa daga asibiti duk da matsin da aka yi mata, ita ma daga baya cutar ta yi ajalinta. Mutum 20 suka kamu, 8 suka rasu, ma'aikatan lafiya suka bi sawun kusan mutum 900 da suka yi hulɗa da masu cutar. Abin lura a nan shi ne yadda aka rufe babin. Ebola na iya ɓuya a jikin mutum har kwana 21 kafin ta bayyana. Saboda haka ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a ninka wannan sau biyu, a ƙirga kwana 42 ba tare da sabon mai kamuwa ba. In an samu ko mutum ɗaya, a sake ƙirga daga farko. Ranar 20 ga Oktoba, 2014, kwanakin suka cika, aka ayyana Najeriya ta rabu da Ebola. Ba gajiya ce ta sa ranar ba, ba kuma cinikin wani ba. Ma'aunin na nan tun farko, kowa na iya ƙirgawa da yatsunsa.

Ko wannan ma'aunin bai zama garanti ba. An ayyana Laberiya ta rabu da Ebola ranar 9 ga Mayu, 2015, cutar ta sake ɓulla a ƙarshen Yuni. Sai dai da yake ba a wargaza masu sa ido ba, an gano ta da wuri, aka killace waɗanda abin ya shafa, aka sake ƙirga.

Na san wani zai ce, malam, Ebola daban mura daban. Gaskiya ne. Ebola sai an taɓa mara lafiya ko ruwan jikinsa, ana iya bin sawunta mutum bayan mutum har a kai sifili. Mura da korona ta numfashi suke bi, ba su da ranar sifili. Ƙwayar cutar 1918 ba ta ɓace ba, jikokinta sun ci gaba da yawo a matsayin murar da ake yi duk shekara. Ita ma korona, da Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye matsayin dokar ta-ɓaci a kanta ranar 5 ga Mayu, 2023, ba cewa ta yi cutar ta tafi ba. To a irin wannan, ma'aunin ba zai zama sifili ba, amma dole a samu wani: yawan masu kwanciya asibiti, yawan mace-mace, yawan waɗanda suka yi rigakafi. Kuma buɗewar ta zama mataki-mataki. Ku tuna yadda Saudiyya ta dawo da Umara a Oktoba na 2020: ta fara da mutum 6,000 a rana daga mazauna ƙasar, ta ƙara adadin bayan mako biyu, sannan a Nuwamba ta karɓi na waje. Hajjin 2021 mutum 60,000 ne, na 2022 wajen miliyan ɗaya, sai a 2023 aka koma yadda aka saba.

Kada kuma a ɗauka ina cewa a yi ta kulle mutane har illa ma sha Allahu. Jinkirin buɗewa ma kisa yake, sai dai nasa a hankali ne. Yuganda ta bar yawancin makarantunta a rufe kusan shekara biyu, sai Janairu na 2022 aka buɗe, yara da yawa kuma ba su koma aji ba. Sin ta riƙe tsattsauran kulle kusan shekara uku, da haƙurin jama'a ya ƙare suka fito zanga-zanga a Nuwamba na 2022, gwamnati ta saki komai cikin Disamba, cutar ta mamaye ƙasar a 'yan makonni. An gudu ba a tsira ba.

Mu a nan mun san zafin kulle. An rufe Legas da Abuja daga 30 ga Maris, 2020, Ogun kuma ta biyo baya cikin 'yan kwanaki. An kulle Kano a tsakiyar Afrilu, azumi ya riske mu a ciki, ba a ɗage ba sai farkon Yuli. Mai tura baro, ɗan dako, mai adaidaita, mai sayar da ƙosai, duk wanda sai ya fita yake ci, ya ɗanɗana kuɗarsa. A ranakun da ake sassautawa a fita cefane kuwa, cunkoson kasuwa ya fi na kullum. Ku tambayi kanku: mu nawa ne muka san adadin da ake jira a gani kafin a buɗe? Yawancinmu mun kwana a kulle ne, mun wayi gari an ce an buɗe. Shi ya sa da cutar ta sake hawa a Disamba na 2020, mutane da yawa ko a jikinsu, wasu ma suna cewa dama can babu ita.

Abin da na ɗauka daga duk wannan tarihi shi ne, ranar da za a rufe gari, a ranar ya kamata a faɗi sharaɗin buɗe shi. Ba a fafe gora ranar tafiya. A ce wa jama'a: ga adadin da muke kallo, idan ya sauka zuwa kaza na tsawon mako kaza za mu buɗe makarantu, sannan kasuwanni, sannan manyan taruka. Idan ya sake hawa zuwa kaza za mu koma baya taki ɗaya, kuma mun faɗa muku tun yanzu. A riƙa karanta adadin a rediyo da Hausa, yadda ake karanta farashin hatsi. Wanda aka hana fita nema a kai masa abin da zai ci, in ba haka ba yunwa za ta ɗage dokar kafin gwamna ya ɗage. Su kuma masu dokar su fara bin ta, kada a ɗauko hotonsu a wajen biki kamar magajin garin San Faransisko. Sannan a guji kalmar nan "mun ci nasara". A ce ta yi sauƙi, muna sa ido.

Maganar ba ta wuce ba don korona ta lafa. Mashaƙo ya yi mana ɓarna a Kano a 2023, ga sanƙarau duk lokacin zafi, ga kwalara duk damina, ga zazzaɓin Lassa. Wata rana za a sake cewa a rufe wani abu, makaranta ce ko kasuwa ko unguwa. Idan ranar ta zo, mu bi doka, amma mu tambayi masu ita cikin ladabi: da wane ma'auni za a buɗe, kuma wa ke riƙe da shi?

Allah Ya jiƙan waɗanda muka rasa, Ya kare mu daga annoba, wadda muka sani da wadda ba mu sani ba.