Daga Kainji Zuwa Ƙofar Gida: Tarihin Layin Wuta Da Darasinsa Gare Mu

Mu da muka yi karatun dare da fitilar ƙwai a kwalejin horon malamai mun san darajar wutar lantarki fiye da 'ya'yanmu. Saboda haka ya dace mu waiwayi yadda ta iso Arewa kafin mu yanke shawara a kan wutar garinmu.

An fara gina madatsar ruwa ta Kainji a 1964, aka kammala a 1968. Ruwa ya cinye tsohuwar Bussa, aka tashi dubban jama'a daga gidajensu. To amma wutar da aka samar a bakin Kwara ba ta da amfani ga mai injin niƙa a Kano sai an kai masa ita. Wannan ne ya sa aka kashe maƙudan kuɗi wajen kafa manyan turakun ƙarfe da layi mai ƙarfin kilobolt 330, ya bi ta Jebba zuwa Kaduna, daga bisani ya isa tashar Kumbotso. A 1972 aka haɗe hukumar lantarki da ta madatsun ruwa, aka sami NEPA.

Ribar wannan jari ba ta tsaya ga kuɗin mita ba. Masaƙun Kaduna da masana'antun Bompai da Sharaɗa sun ɗauki dubban ma'aikata, cikinsu har da 'yan garinmu. Sai dai an yi tsimin da ya zama hasara, domin an bar yawancin Arewa rataye a kan layuka ƙalilan. A watan Oktoban 2024, bayan ɓarayin daji sun lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, jihohinmu sun kwashe kwanaki cikin duhu, magunguna suka lalace, sana'o'i suka tsaya.

'Yan uwa mazauna birane, idan aka kawo maganar gudummawar sayen taransifoma da turakun kankare, kada mu dubi tsadarsu kaɗai. Mu lissafa man janareto da asibitinmu ke sha, da matasan da suka bar gida saboda walda ta gagara, sa'annan mu ware kuɗin gyara da na gadi tun daga farko. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Allah Ya haskaka garinmu, amin.