BABI NA UKU: WANKE FIM ƊIN AYARIN ANDRÉE DA MATSAYINSA A TARIHI

3.0 Gabatarwa

A wannan babi za a yi tsokaci a kan fim ɗin hoto mai baƙi da fari wanda aka ɗauka a shekarar 1897, amma ba a wanke shi ba sai a 1930. Za a kawo taƙaitaccen tarihin tafiyar da aka ɗauki hotunan a cikinta, da dalilin da ya sa fim ɗin bai lalace ba, da yadda aka wanke shi. Manufar babin ita ce a nuna cewa tsohon fim shaida ce mai ƙarfi ga masanin tarihi, sai dai shaidar ba ta isowa gare shi sai ta bi ta hannun mai wanki.

3.1 Tafiyar Andrée

Salomon August Andrée injiniya ne ɗan ƙasar Suwidin. Ya ƙudurta kaiwa ƙuryar arewacin duniya ta sama, a cikin wani ƙaton balan-balan da aka cika da iskar haidurojin, wanda aka ɗinka a birnin Faris aka sa masa suna Örnen, wato gaggafa. Cikin waɗanda suka ba da kuɗin tafiyar har da Alfred Nobel da Sarki Oscar na Biyu. Yunƙurin farko a 1896 bai yiwu ba saboda iska ba ta kaɗa ta inda ake so ba. Haka kuma ɗaya daga cikin abokan tafiyar, Nils Ekholm, ya janye domin ya lura balan-balan ɗin yana yoyo.

Ranar 11 ga Yuli, 1897, Andrée ya tashi daga tsibirin Danskøya na yankin Svalbard tare da samari biyu, Knut Frænkel da Nils Strindberg. Strindberg, mai shekara 24, shi ne mai ɗaukar hoto. Tun wajen tashi suka yi asarar yawancin igiyoyin da Andrée ya dogara da su wajen sarrafa balan-balan ɗin. Hazo ya yi ta daskarewa a jikinsa yana ƙara masa nauyi, har ya sauka a kan ƙanƙarar teku ranar 14 ga Yuli. Daga nan suka shiga tafiyar ƙasa, kowa yana jan kaya masu nauyin gaske, ƙanƙarar da suke takawa kuma tana gangarawa da su inda ba su nufa ba. A farkon Oktoba suka isa tsibirin Kvitøya, a can kuma suka rasu. Duniya ba ta sake jin ɗuriyarsu ba har shekara 33.

3.2 Gano Fim Ɗin

A 1930 an yi zafi fiye da yadda aka saba a yankin, ƙanƙarar da ke kewaye da Kvitøya ta ja baya. Ranar 6 ga Agusta mutanen wani jirgin ruwan Norwe mai suna Bratvaag suka sauka a tsibirin, suka ci karo da sansanin ayarin. Bayan wata guda ɗan jarida Knut Stubbendorff ya je wurin a jirgin Isbjørn, ya tarar ƙanƙara ta ƙara narkewa, ya samo ƙarin kaya. Daga cikin abubuwan da aka kwaso akwai littattafan da matafiyan suke rubuta abin da ya faru kullum, da kuma naɗin fim guda 5 da aka riga aka ɗauki hoto a kansu, ɗaya ma yana cikin kyamarar.

3.3 Dalilin da Ya Sa Fim Ɗin Ya Jure

Fim mai baƙi da fari yana da wani shafi a fuskarsa mai kama da ƙaro, wanda ake samu daga fata da ƙashin dabbobi, a cikinsa kuma akwai ƙananan ƙwayoyin gishirin azurfa. Idan haske ya shiga ta idon kyamara ya taɓa su, sai ya bar wata 'yar alama da ido ba ya gani. Wannan shi ne ɓoyayyen hoto. A ɗakin duhu ake tsoma fim cikin ruwan magani na farko, wanda yake mayar da ƙwayoyin da haske ya taɓa su zama baƙar azurfa. Ruwan magani na biyu kuma yana wanke sauran da haske bai taɓa ba, don kada hoton ya ci gaba da canzawa.

Abin da ke kashe ɓoyayyen hoto shi ne zafi da danshi da daɗewa. Su ne suke sa alamar ta dushe, fim ɗin kuma ya yi duhu-duhu ko'ina tamkar hazo ya rufe shi. Sanyi kuwa yana rage saurin wannan lalacewa ƙwarai. Ashe ke nan ƙanƙarar da matafiyan suka halaka a cikinta ita ce ta adana hotunansu. Duk da haka ruwa ya shiga wasu sassan naɗin, ya ɓata su.

3.4 Aikin John Hertzberg

An miƙa fim ɗin ga John Hertzberg, masanin fasahar hoto a Babbar Kwalejin Fasaha ta birnin Sitokholm. Aikin yana da hatsari, domin wankin fim sau ɗaya ake yin sa. Takarda idan mai karatu ya yi kuskure zai iya komawa ya sake dubawa, amma fim idan magani ya yi masa yawa, ko jiƙaƙƙen shafinsa ya saɓule, shaidar ta tafi ke nan. Daga gurabe 240 da ke cikin naɗin guda 5, Hertzberg ya ceto hotuna 93.

Mafi shahara a cikinsu shi ne wanda ya nuna balan-balan ɗin kwance a kan ƙanƙara, mutum biyu suna tsaye kusa da shi. Akwai na matafiyan tsaye a kan farin beyar da suka harbe don abinci, da na yadda suke fama da kwalekwalensu a tsakanin tudun ƙanƙara. An buga wasu a littafin Med Örnen mot polen, wanda ya fito a 1930 ɗauke da rubuce-rubucen ayarin.

3.5 Matsayin Hotunan a Matsayin Shaida

Hotunan sun gaskata abubuwa da dama da ke cikin rubuce-rubucen: cewa sun sauka lafiya, da yawan kayan da suka ja, da irin abincin da suka rayu a kansa. Bugu da ƙari, sun nuna abin da marubutan ba su damu da rubutawa ba, kamar yanayin suturarsu, wadda ba ta dace da doguwar tafiya a ƙanƙara ba.

Amma akwai abubuwa uku da ya kamata a yi la'akari da su. Na farko, fiye da rabin guraben fim ɗin ba su ba da hoto ba, don haka abin da ya tsira ɓangare ne kawai. Na biyu, an yi wa hotunan da aka buga gyaran hannu, an share tabo an ƙara fito da siffofi, saboda haka abin da jama'a suka gani ya ɗan bambanta da abin da ke kan nagatif. Na uku, hotunan ba su warware musabbabin mutuwarsu ba. A 1952 likita Ernst Tryde ya danganta ta da tsutsar da ke cikin naman beyar, wasu masana kuma suka kawo sanyi ko guba ko harin dabba. Wannan ya sa Tyrone Martinsson, wanda ya sake nazarin hotunan a farkon shekarun 2000, ya yi kira da a koma ga asalinsu a ɗauke su da muhimmanci kamar rubuce-rubucen.

3.6 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata an ga cewa fim ɗin Strindberg ya tsira ne saboda sanyi, ya kuma fito fili saboda ƙwarewar Hertzberg. Darasin da ke ciki ga mai binciken tarihi shi ne, duk lokacin da aka kawo masa hoton da aka wanke daga tsohon fim, ya tambayi inda fim ɗin ya kwana, da wanda ya wanke shi, da adadin abin da ya ɓace, da kuma ko hannu ya taɓa hoton kafin a buga shi.