Tarihin Mota a Kano: Wa Zai Adana Shi?

In aka ce tarihin Kano, abin da ke fara faɗo wa ɗalibi a rai shi ne Dala da ganuwa da jerin sarakuna tun daga Bagauda. Ba kasafai mukan tuna ba cewa hanyar da ta fita daga birni ta ratsa Sharaɗa ta nufi Panshekara da Challawa ita ma tana ɗauke da nata tarihin, watau tarihin ƙarfe da inji da mota. Manufar wannan ɗan rubutu ita ce a nuna cewa wannan tarihi yana salwanta, alhali wasu ƙasashe sun adana irinsa.

Jirgin ƙasa ya iso Kano cikin 1911, lokacin da jaki da raƙumi da takarkari ne ke dakon kaya. Da cinikin gyaɗa ya bunƙasa, sai manyan motoci suka karɓi aikin kwaso ta daga ƙauyuka zuwa tashar jirgi. A zamanin Sarki Abdullahi Bayero, farkon shekarun 1930, aka jawo wa birni ruwan famfo daga kogin Challawa, kusa da Panshekara. Daga baya aka keɓe Bompai don masana'antu, sannan Sharaɗa da Challawa suka biyo, da masaƙu da majemu da kamfanonin mai da robobi. Duk abin da suka sarrafa, mota ce ta kai shi kasuwa.

Cikin shekarun 1970 gwamnatin tarayya ta ƙuduri aniyar harhaɗa motoci a gida. Kamfanin Peugeot na Kaduna ya fara aiki cikin 1975, Volkswagen ya zauna a Ikko, Steyr a Bauchi, Leyland a Ibadan, Mercedes a Inugu. Rabon Kano shi ne kamfanin NTM da ke hanyar Zariya, wanda ya harhaɗa manyan motocin Fiat da taraktoci. Mota ta shiga har cikin harshenmu: ga fijo da marsandi, ga gingimari da a-kori-kura, ga kamasho da ƙaren mota. Amma faɗuwar kuɗin man fetur da tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 sun karya darajar naira, kayan haɗi na waje suka gagara saye, ga kuma ƙarancin wutar lantarki. Ma'aikatu da yawa suka rufe ƙofa, dubban magidanta suka rasa abin yi.

To, irin wannan karayar arziki ba mu kaɗai ta sama ba. A birnin Muluz na ƙasar Faransa an yi waɗansu 'yan'uwa biyu masu masaƙar ulu, Hans da Fritz Schlumpf, waɗanda suka yi ta tara tsofaffin motoci a ɓoye cikin wani tsohon ginin masaƙa. Da kasuwancinsu ya rushe cikin 1976, sai suka tsallaka Suwizalan. Cikin 1977 ma'aikatan da aka bari ba aiki suka mamaye ginin, suka tarar da ɗaruruwan motoci, suka buɗe ƙofa jama'a su zo su ga inda guminsu ya tafi. Cikin 1982 wurin ya zama gidan tarihin mota na ƙasa, mai motoci fiye da 400, kuma baƙi daga ko'ina suna biyan kuɗi su shiga. Haka nan Peugeot ta buɗe nata gidan tarihin a Sosho cikin 1988.

Mu fa? Motar da aka fi sani a gidan tarihi a Nijeriya ita ce baƙar marsandin da aka harbe Janar Murtala Muhammed a ciki ran 13 ga Fabrairu, 1976. Shi ɗan Kano ne, motar kuwa tana Ikko. Sauran tsofaffin motocinmu makomarsu sananniya ce: a fatattaka su a Ƙofar Ruwa, a auna ƙarfen a sikeli, a kai shi a narka. Tare da su ake rasa labarin direban da ya yi zamani kafin a koma tuƙin hannun dama cikin 1972, da na bakaniken da ya koyi aiki ba tare da littafi ba.

Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Gine-ginen da suka zama kufai a Sharaɗa da Challawa, ɗaya ma ya isa a jera fijo 504 da Fiat ɗin Kano da injin saƙa a cikinsa. Kafin hukuma ta motsa, akwai abin da ɗalibai za su iya yi: su je Panshekara su zauna da tsofaffin direbobi da ma'aikata, su naɗi maganarsu, su rubuta kalmomin sana'arsu. Ƙarfe yana iya jira na ɗan lokaci, amma dattijo in ya tafi, ya tafi da abin da ya sani.