Motar Langa-langa: Masana'antar Da Ba A Rubuta Tarihinta Ba A Zariya

Duk wanda ya ɗauki alƙalami zai rubuta tarihin Sabon Garin Zariya, da jirgin ƙasa yake farawa, kuma da gaskiyarsa, domin kuwa layin dogo da ya ratsa Zariya ya isa Kano a 1911 shi ya haifi unguwar. In Samaru ce, sai a kawo tashar binciken aikin gona ta 1922, a ɗora da Jami'ar Ahmadu Bello ta 1962. To amma akwai wata masana'anta da ta rayu a gindin waɗannan duka, wadda ban taɓa ganin an ba ta ko shafi guda ba, wato ƙirar motocin wasa da mu yaran wancan zamani muka yi da hannunmu.

Abin da ya tuno mini da ita shi ne yadda Amurkawa suka adana tasu. Can an kafa hukumar tseren motoci ta NASCAR a 1948, kamfanoni irin su AMT da Revell da Monogram kuma suka shiga sayar da ƙananan motocin roba a kwali, gunduwa-gunduwa, yaro ya haɗa da gam, ya shafa fenti, ya manna lambar direban da yake so. Ma'auninsu ɗaya bisa 24 ne ko ɗaya bisa 25, ke nan mota mai tsawon mita huɗu da rabi za ta dawo santimita 18. Har gobe ana cinikin tsofaffin kwalayen nan da tsada. Mu kuwa ba kwali, ba takardar bayani, ma'auninmu taki ne da yatsa.

Yadda na taso na tarar, ƙirar hawa-hawa ce. Ƙaramin yaro da motar kara yake farawa bayan an girbe dawa: a ɓare karan, a yanka totuwar, a riƙa soke ta da tsinken ɓawon har jiki ya tashi. Ba ta kwana biyu, akuya ma na iya gamawa da ita. Daga nan sai motar gwangwani, ta madara ko ta kifi, da tayar marfin kwalba. Wanda ya ƙware shi ke taɓa waya da langa-langa.

A nan ne tarihin garin ya shigo. Langa-langa ai siririn ƙarfen nan ne da ake ɗaure dilar kaya da shi, kuma Zariya garin auduga ne da taba, ga injin gurzar auduga na BCGA, ga rumbunan kamfanoni a wajen PZ, ga tashar jirgi. Duk inda aka kwance dila, ƙarfen yasar da shi ake yi. Shi ya sa a ganina yaran Sabon Gari, irin na Muciya da Cikaji, suka fi mu na Samaru iya aikin ƙarfe, ga su kuma kusa da makanikai da masu walda. Mu abin da muka fi su shi ne kara daga gonakin Bomo, da juji mai albarka na gidajen malaman jami'a, inda ake tsintar batir da waya mai launi da kwan tocila. Na san mutanen Sabon Gari za su ce ko a nan ɗin sun fi mu. Su rubuto nasu.

Ita motar langa-langa sai an fara lanƙwasa firam, a ɗaɗɗaure mahaɗa da robar tayar keke. Taya kuwa daga tsohon silifas ake yanko ta, a ɗora bakin gwangwanin tumatir a buga ya fitar da da'ira, a haɗa biyu ko uku don kauri, a zura sifok ɗin keke a tsakiya. Gwani yana sa mata sifirin, ta yadda in ta hau dutse za ta lotsa ta dawo. Sai babban aiki, sitiyari: doguwar waya daga ƙafar gaba har ƙugun mai ita, in ya murza tayoyin gaba su juya tare. Yaron da bai san sunan ko ɗaya daga cikin dokokin kimiyya ba, ga shi ya warware matsalar da injiniyoyi ke zana wa a allo. Bayan haka sai ƙawa: madubin gefe da takardar sigari mai ƙyalli, lamba mai KD, roba mai lilo a bayan taya, har da rubutun "Allah Ya Kiyaye" irin na gingimari.

Motocin da muke kwaikwayo ma tarihi ne. Yayyenmu akori-kura da manyan motocin katako suka ƙera. Da kamfanin Peugeot ya fara haɗa 504 a Kaduna a 1975, sai kowa ya koma Fijo, kuma a shekarar ce Ove Andersson ya ci gasar Safari ta Kenya da ita. Faransa ta daina ƙera ta a 1983, amma Kaduna ta ci gaba har bayan shekarar 2000. Wanda bai iya fitar da karyewar but ɗin bayanta ba, ba a lissafa shi cikin maƙera. Tsere kuwa a layi ake yi da yamma bayan an taso daga makarantar allo, daga wannan falwaya zuwa waccan, kuma wanda tayarsa ta fita ya faɗi ko da shi ne a gaba.

Me ya kashe ta? Ba dare ɗaya ba ne. Bayan tsarin SAP na 1986 masana'antu suka fara durƙushewa, jirgin ƙasa ya yi sanyi, aka koma ɗaure kaya da igiyar roba. 'Yan gwangwan suka mayar da kowane guntun ƙarfe kuɗi, motocin roba na Sin suka cika kasuwar Sabon Gari da araha, daga baya wayar hannu ta zo ta kwashe sauran yamman yara.

Abin da ke damuna shi ne rashin shaida. Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato da ya zana Chevrolet Volt a kamfanin General Motors, duniya ta san shi. Amma gwanin layinmu, wanda ya taɓa ƙera tirela mai taya 18 da fitila mai kamawa, ko hoton motarsa babu. Na tambayi abokai shida da muka taso tare ko akwai wanda ya ajiye tasa, kowa sai ya yi dariya. Ɗaya ne kawai ya ce yana iya tuna yadda ake lanƙwasa sitiyarin, kuma ya yi mini alkawarin zai gwada in ya samu langa-langa.